Babi na Shida: Gidan Baƙo a Ƙasar Doya

Duk wanda ya tashi a Kano ko Katsina ko Damagaram, in aka ce masa gidan Bahaushe, soro ne zai faɗo masa a rai: katanga mai kauri ta jar ƙasa, rufin azara a shimfiɗe, zankwaye a kusurwa, indararo yana leƙo titi. In ya sauka a unguwar Zongo ta Paraku, ko ta Jugu wadda Faransawa ke rubutawa Djougou, a arewacin Jamhuriyar Benin, sai ya yi ta waige-waige bai ga ko ɗaya daga cikinsu ba. Kwano zai gani, wani sabo wani ya yi tsatsa, da bangon bulo, da tsofaffin bangayen laka da aka shafe da siminti. Amma da ya isa ƙofar wani tsohon gida ya yi sallama, ƙafarsa ta san inda za ta tsaya. Ga dakali, ga zaure da tabarma, ga ƙofa ta biyu da aka karkatar don kada idon mai wucewa ya faɗa cikin gida. Yaro ya leƙo ya ce, "Baba yana fitowa, a shigo daga zaure." Ba sai an gaya wa baƙon nan cewa iyakarsa ke nan ba.

Rufi da bango sun bi hukuncin ruwan sama da na ƙasar da aka taras. Tsarin shiga da fita kuwa, wato wa zai tsaya ina, wa zai wuce ciki, ya yi tafiyar ɗaruruwan kilomita a cikin kawunan mutane, ya iso yadda ya taso. Wanda yake son ya gane yadda aka yi wannan rabo, sai ya fara da hanyar da ta haifi unguwannin.

Goro ne ya shimfiɗa ta. Goron da Hausawa suka fi so a kurmin Asante yake, kuma babbar kasuwarsa a ƙarni na 19 ita ce Salaga ta ƙasar Gwanja, a arewacin Ghana ta yau. Da damina ta ɗauke, fatake daga Kano da Katsina da Sakkwato da Jega, musamman Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari, sai su ɗaure kanwa da turkudi da jar fata da gabu a bayan jakuna da takarkarai. Su haye Kwara ta Yawuri ko Ilo ko Busa, su ratsa ƙasar Bargu, wasu ta Nikki da Paraku, su faɗa Jugu, daga nan sai ƙasar Kotokoli, sai Yandi, sai Salaga. Zuwa da dawowa kan ci wata shida, wani lokaci shekara guda. A 1826 Baturen Birtaniya Hugh Clapperton ya gamu a Kayama da irin wannan ayari mai dawowa daga Gwanja, ya ƙiyasta mutanensa sun haura dubu, maza da mata, dabbobin kaya ma kusan haka.

A yi tunanin mutum dubu da dabba dubu suna neman inda za su kwana. Madugu da jagabansa ba don kyan gani suke zaɓen masauki ba. Ruwa suke dubawa, da ciyawa, da inuwa, da iyakar tafiyar da jaki mai mangala zai iya yi kafin rana ta take. In an sauke kaya, sai a bazu a yanko ciyawa da rassa a kafa bukkoki, a tara kaya a tsakiya, a ja shingen ƙaya a kewaye, domin mahayan Bargu sun yi suna wajen tare hanya, kuma ko an biya sarki kuɗin wucewa ba a sakin jiki. A gefe guda a share ƙasa a jera duwatsu a fitar da alƙibla. Ginin farko da Bahaushe ya yi a wannan ƙasa ke nan, kuma ba a kawo ko tsinke ɗaya daga gida ba. Ayari ya tashi, gara da gobarar daji su cinye bukkokin, baɗi a sake.

Inda zango ya haɗu da gari mai kasuwa da sarki mai iya ba da kariya, sai bukka ta fara zama ɗaki. Jugu ta fi ko'ina nuna haka a fili, don gari biyu ne a haɗe. Akwai Kilir, inda fadar sarki take, tsakanin Yowa masu ƙasar, ko da yake labarin baka ya ce asalin gidan sarautar daga Gurma ne. Akwai kuma Wangara, unguwar 'yan kasuwa Musulmi, da limamanta da malamanta. Sarki ke da ƙasa, baƙo ke da ciniki, kowa ya san bakin gonarsa. A Jugu da Paraku duka akwai sarautar Baparape, wadda ke tsaye a kan al'amuran 'yan kasuwa tsakaninsu da fada, har yau kuma akwai unguwa mai wannan suna. Mutanen da suka zauna a waɗannan tsofaffin unguwanni sun fito daga wurare dabam-dabam, daga Mali da Songhai da Barno da ƙasar Hausa, suka yi auratayya, suka haɗu a kan harshen Dandi. Jikokin Hausawa da yawa a can Dandanci suka tashi da shi. Unguwannin da ake kira Zongo a yau galibi na waɗanda suka zo daga baya ne, mahauta da dukawa da wanzamai da 'yan koli da dillalan shanu da almajirai, kuma ba Hausawa kaɗai ke ciki ba: akwai Zabarmawa da Fulani da Yarbawa da Dandawan kansu. Ƙidayar 2013 ta ba kowace daga cikin ƙananan hukumomin Jugu da Paraku mutum sama da dubu 250, don haka maganar manyan garuruwa ake yi, waɗanda suka daɗe da haɗiye filayen da jakuna ke kiwo a da.

To, me ya hana wanda ya zauna ya yi arziki ya tayar da soro irin na ubansa?

Amsa ta farko ruwa ce. Kano kan samu abin da bai cika wuce milimita 900 ba a shekara, cikin kamar wata huɗu, kuma tsakanin ruwa da ruwa rana kan fito ta busar da rufi. Jugu na samun kimanin milimita 1,200 ko fiye, tun daga Afrilu har Oktoba. A tsaunukan Taneka da ke kusa da ita ne ma kogin Weme, babban kogin ƙasar, ya faro. Rufin soro laka ce aka ɗora a kan azara, aka shafe da abin hana ruwa, aka ɗan karkata ta zuwa bakin indararo. Tana jure ruwa mai ƙarfi in zai zo ya wuce. Abin da ba ta jurewa shi ne ruwan Agusta da Satumba na wannan yanki, wanda zai yini ya kwana, gobe ma hadari ya sake haɗowa. Laka ta sha ta ƙoshi, nauyinta ya ninka, azara ta lanƙwasa, tsakiyar rufi ta zama tafki, sai yoyo, sai rushewa. Maginan Zariya, inda ruwa ya fi na Kano, sun daɗe da sanin haka, shi ya sa suke yawan tayar da rufinsu ya zama tulluwa don ruwa ya gangare. In aka ƙara yin kudu, tulluwar ma sai ta ba jinka wuri. A Bargu jinka ce mai tsini, da baki mai saukowa ya rufe kan bango, don ruwan da ke bugowa daga gabas kada ya cinye shi.

Bangon ma ya sauya hannu. A Kano tubali ake curawa, a shanya shi ya bushe ƙarau, sannan a jera shi da kwaɓaɓɓiyar ƙasa. A nan mutanen ƙasa ba su bi ta wannan hanya. Ana haƙar jar ƙasa mai tsakuwa kusa da filin, a jiƙa ta, a tattake da ƙafa, a bar ta ta kwana. Da safe yara su riƙa dunƙula ta suna jefa wa magini, shi yana tsaye a kan bango yana cafewa, yana dannawa, yana gyara gefe da tafin hannu. In sahu ya kai kamar kamu guda sai a dakata, a bar shi ya sha iska 'yan kwanaki, sannan a ɗora na gaba. Wanda ya duba tsohon bangon da yaɓensa ya zube zai ga layukan nan a kwance, kowane layi aikin yini ɗaya. Baƙon da ke son ɗaki kafin damina ɗan gari zai kira, kuma ɗan gari da hannun da ya gada zai yi masa aiki. Mai gida dai shi ke zana ƙasa da sanda ya ce nan zaure, nan ƙofa, nan ɗakin baƙi. Da ɗan gari akan ci gari, haka ma da shi akan gina shi.

Abu ɗaya ne baƙo da ɗan gari suka taras sun riga sun yi tarayya a kansa, wato ɗorawa. Bishiyar tana nan daga Katsina har Bargu. Mata su fasa 'ya'yanta, garin rawaya yara su sha, kalwa a dafa ta a yi daddawa, ɓawon kuma a jiƙa shi ko a tafasa har ruwan ya yi baƙi-baƙi mai ɗan kauri. Wannan ruwa shi ne makuba. In za a yi daɓe, sai a baza tsakuwa da ƙasa a ɗaki, mata su durƙusa a jere kowace da madaɓinta, ana yayyafa makuba ana bugu, ana bugu ana yayyafawa, har ƙasa ta haɗe ta yi santsi ta ɗauki launin hanta. Bangon da aka shafa masa ita, ruwa kan zame a kansa. A wannan yanki akan ƙara da ruwan da ya rage bayan an tace man kaɗe. Shi ya sa manomi in yana sharar gona ba ya sa gatari a jikin ɗorawa ko kaɗanya. Matafiyin da ya bi titin Paraku zuwa Jugu, tafiyar kilomita 130 da wani abu, ya ga bishiyoyin nan tsaye ɗai-ɗai a tsakiyar kunyoyin doya, yana iya zaton daji ne ya bar su. Zaɓen kakanni ne, kuma gida da tukunyar miya ne suka sa aka zaɓe su.

Sai dai in aka ce ruwa ne kaɗai ya hana soro, an gajarta magana, domin arewa maso yamma da Jugu, a wajen Natitingu da Bukumbe, akwai mutanen da ke yin bene da laka a ƙarƙashin wannan sama ɗin. Su ne Batammariba, gidajensu kuma su ne ake kira tata. Hasumiyoyi ne zagayayyu da aka haɗe da bango, ƙasa wurin dabbobi da tsofaffi, sama daɓaɓɓen fili inda ake shanya hatsi ana kwana, da rumbuna da ƙananan ɗakuna masu hular ciyawa. Ƙofa ɗaya ce, tana duban yamma, ta juya wa ruwan gabas baya, kuma a gabanta akwai wuraren tsafin gida. Maza ke tayar da bango, mata ke yaɓe, su ja masa siraran layuka masu kama da tsagen fuskarsu, su shafe da ruwan ɓawon ɗorawar nan dai. Hukumar UNESCO ta sa yankinsu na Kutammaku a jerin kayan tarihin duniya a 2004 ta ɓangaren Togo, ta faɗaɗa shi zuwa Benin a 2023. Suzanne Preston Blier ta yi littafi a kansu a 1987, inda ta nuna yadda suke ɗaukar gida tamkar mutum mai baki da ido da ciki.

Tata tana tsayawa ne saboda kowane rani akwai dangi da za su hau su toshe tsaga, su sake daɓe, su sauya hular rumbu. Ƙasar tasu ce, kaburburan kakanninsu na nan, ba inda za su. Bafatake kuwa aron fili aka ba shi. Rani, lokacin gyaran gini, shi ne lokacin da yake kan hanya ko yake fama da baƙi. Dukiyarsa a cikin kaya take, wadda za a iya ɗaurewa a tashi da ita in sarki ya sauya fuska ko hanya ta koma wani gari. Kuma a zuciyarsa, ko ya shekara talatin, gida yana can Kano ko Jega, can ne zai gina soro in Allah ya mai da shi. Mutum ba ya zuba arzikinsa a bangon da yake ganin na wucin gadi ne, ko da a ƙarshe a bayan bangon nan za a binne shi.

Akwai kuma abin da bai kamata a tsallake ba. Gidan da aka yi masa ƙofa ɗaya ƙanƙanuwa, aka kai hatsi da wurin kwana sama, gidan mutanen da ake kai wa hari ne. Haka ƙauyukan Taneka da ke maƙale a jikin duwatsu kusa da Kopargo, da zagayayyun ɗakunansu masu tulu a kife a kan tsinin jinka: gudun mahaya ne ya hau da mutane can. Waɗanda aka kama kuwa kasuwa ake kai su, kuma hanyar da ta ɗauki goro da kanwa ta ɗauki bayi, wasu a matsayin haja, wasu ɗauke da kayan a ka. Ina ƙaunar zaure da karamcinsa ƙwarai, amma buɗaɗɗiyar ƙofarsa da ƙuntatacciyar ƙofar tata zamani ɗaya ne ya haife su, kuma wani ɓangare na arzikin da aka ƙirga a zaure daga bayan waccan ƙofar aka fizgo shi. Bahaushen da zai yi alfahari da hanyar Gwanja ya kamata ya riƙe wannan tare da alfaharinsa.

Abin da baƙo ya ƙi sayarwa ko da ruwa ya ƙwace masa rufi shi ne zaure, domin a zango zaure jari ne. Duk fataucin ya rataya a wuyan mutum ɗaya, maigida, wanda wasu ke kira fatoma. Shi ke saukar da bafatake, ya ba shi ɗaki da abinci, ya ajiye masa kaya, ya nemo masa dillali, ya tsaya masa in za a ba da bashi, ya yi masa tafinta a gaban sarki. Ladansa na fitowa daga cinikin da aka ƙulla a gidansa. Saboda haka gidan nan dole ya karɓi namiji baƙo, wanda ba muharrami ba, na kwana da kwanaki, ba tare da ya ga matan gida ba. Daga wannan buƙata tsarin ya fito: zaure a bakin hanya, bayansa fili da jerin ɗakunan baƙi da na ajiya da turken dabbobi, sannan wata ƙofar, sannan cikin gida da madafa da rijiya. Da jinka aka rufa ko da kwano, da laka aka tayar ko da bulo, in dai wannan jeri yana nan, gidan ya cika.

Goro kansa yana da abin da yake nema daga gini. Ɗanyen abu ne mai rai, ba ya son zafi, ba ya son iska ta buge shi, kuma ba ya son a manta da shi. In an sauke huhu a ɗaki mai duhu da sanyi, bayan 'yan kwanaki sai a kwance igiya, a buɗe ganyen fita, a zube goron a kan tabarma. Mutum ya zauna ya miƙe ƙafa yana ɗauka ɗaya-ɗaya, yana juyawa a hannu, yana neman ɗan ramin da ke nuna sankara ta shiga. Mai sankara a jefa gefe, don guda ɗaya kan lalata ƙwarya. Sauran a yayyafa musu ruwa, a sauya ganyen da ya bushe, a sake ɗaurewa tam. Ɗakin laka mai kauri da jinka a kai yana riƙe sanyin dare har azahar, kuma irin wannan ɗaki ne ya sa goron da aka tsinka a Asante ya iya isa kasuwar Kurmi ta Kano da ɗanɗanonsa bayan wata da watanni.

Sana'a ma a bakin zauren take zama, inda haske yake kuma mai wucewa zai gani. Baduku na zaune a kan buzu da allon yanka a gabansa, da basilla da wuƙa, yana ɗinka kube ko laya ko takalmi. Kayan aikinsa daji ne ya ba shi: 'ya'yan bagaruwa na jima, karan dafi na jan launi, baba na shuɗi. Babbar kasuwarsa a wannan ƙasa doki ne. Bargu ƙasar mahaya ce, alhali kuwa doki ba ya jin daɗinta saboda ƙudan tsando, don haka riƙe shi alama ce ta isa, kuma wanda ya riƙe shi ba ya yi masa rowar ado. A bikin Gani, wanda ake yi a watan Mauludi a Nikki, ana kuma yin irinsa a Jugu da sauran garuruwan yankin, ana busa kakaki, mahaya su fito da sirdi da linzami da ragama da jalala masu ɗaukar ido. Bahaushen da ya saba da hawan sallah zai gane kusan kowane abu da ke jikin dokin, ko da bai ji kalma ɗaya ta kirarin da ake yi ba. Jan karan dafin nan kuma shi ne a jikin wagashi, cukun da matan Fulani ke yi da madara da ruwan tumfafiya, wanda ake jerawa a faranti a bakin titi. A cikin gida, inda baƙo ba ya gani, akwai wata masana'antar: daddawa, man kaɗe, ƙuli-ƙuli, fura, abincin sayarwa da yara ke fita da shi talla. Tsakar gida mai faɗi da inuwar mangwaro ita ce shagon matan kulle.

Hanyar ta mutu a hankali. Ingilishi sun karya Asante a 1874, yaƙin basasa ya watsa Salaga a 1892, yarjejeniyar Ingila da Faransa ta 1898 ta raba Bargu biyu, sannan goro ya koma bin jirgin ruwa zuwa Legas, da jirgin ƙasa da ya isa Kano a 1911. Jugu ta rage da kasuwarta da mahaɗar hanyoyinta. Paraku kuwa ta sami sabon ayari: layin dogo daga Kwatano, mai tsawon kilomita 438, ya iso ta wajen 1936 ya tsaya nan, bai ƙarasa Nijar ba har yau. Shekara da shekaru kayan Nijar a Paraku aka riƙa sauke su daga jirgi a ɗora wa manyan motoci zuwa Malanbil da Gaya. Direba da yaron mota da ɗan kamasho suka gaji bafatake da jagaba da dillali, Zongo ta ci gaba da aikinta na saukar da baƙo.

Jirgin nan ne kuma ya sauƙaƙa zuwan kwano da siminti. Ba na cikin masu zagin kwano. Wanda ya taɓa ganin yadda wuta ke tsallake daga jinka zuwa jinka a cunkusasshiyar unguwa cikin hunturu ba zai zargi wanda ya sauya rufi ba. Ciyawar jinka ma ta yi nisa ta yi tsada, gonakin auduga da kashu sun ci dajin da ake yankota. Abin da ke damuna shi ne yadda aka karɓi sabon kaya aka watsar da tsohon lissafi. Jinka tana numfashi, kwano ba ya yi, amma aka ɗora shi a kan gajeren bango ba silin, ba tagar kirki, har ɗaki ya gagari shiga a Maris da Afrilu. Aka daina sakin bakin rufi ya kare bango. Aka shafe tsohuwar laka da siminti, ruwa ya sami tsaga ya shiga ya rasa ta fita, bango ya ruɓe daga ciki, wata rana yaɓen ya ɓalle gaba ɗaya. Makuba arha ce kuma tana barin bango ya bushe, sai dai tana neman a sake ta, kuma ta zama abin kunya, alamar wanda bai samu ba.

Zauren ma yana tafiya. In maigida ya rasu aka zo rabon gado, ɗakin da ke bakin titi shi ne ya fi kowane daraja, sai a fasa masa ƙofar ƙarfe ya koma shagon sayar da katin waya ko kayan babur. Filin baƙi a yanka shi ɗakunan haya, a bar siririn lungu. Tsakar gida ta ƙanƙance, a sare mangwaron. Deborah Pellow ta ga irin wannan a Sabon Zongo na Akara, ta rubuta shi a littafinta na 2002, kuma duk wanda ya san Fagge ko Tudun Wada ya san ba sai an je Ghana ba. Ba wanda ya yi haka don mugunta. Magada da yawa ne, fili ɗaya, ga kuɗin makaranta. Amma hasarar tana da masu ɗaukarta. Makarantar allo ta koma bakin kwata. Matar da ke soya ƙuli-ƙuli a inuwa ta rasa wurin kafa kasko. Baƙo ya yi sallama ba inda za a ce masa ya zauna, sai masallaci ko tasha. Da aka rufe gadar Malanbil bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023, motoci suka yi dogon layi a hanyar arewa, direbobi suka yi makonni suna kwana a ƙarƙashinsu. A tsohon tsari, irin wannan ranar ce aka gina ɗakunan gaba dominta.

Masu yawon buɗe ido da ke zuwa arewacin Benin sukan ratsa Jugu su wuce Taneka da Bukumbe, kuma suna da gaskiya, tata abin a gani ce. A Paraku akwai gidan tarihi na sararin waje da aka gina da siffar zagayayyun ɗakunan Bargawa. Zongo ba ta da fuskar da za a ɗauka hoto, shi ya sa ba a lissafa ta cikin kayan gado. Nata gadon a ƙasa yake kwance, a yadda aka jera ɗaki bayan ɗaki, kuma irin wannan ba ya bayyana sai an shiga da igiyar awo da littafi an zauna da tsofaffi. Paraku tana da jami'a tun 2001. Aikin ɗalibai kaɗan ne cikin rani ɗaya su auna tsofaffin gidajen masu saukar da baƙi da suka rage a garuruwan biyu, su zana su, su tambayi wa ya ba da filin, wa ya tayar da bangon, fataken wane gari ke sauka a wane ɗaki, ina aka ɗaure jakuna, ina rijiyar take. Masu iya amsa waɗannan tambayoyi jikokin masu gidan ne, kuma su ma sun manyanta.

Magini na yau ma yana da abin ɗauka ba tare da ya koma jinka ba. Ya ɗaga bango, ya bar iska ta ratsa tsakanin kwano da silin, ya saki bakin rufi ta gabas, ya yi bulon ƙasa inda ƙasar ta yi kyau, ya bar bishiya ɗaya a tsakar gida. In fili ya ƙi, shago da zaure suna iya raba fuskar gida, kowa da ƙofarsa. Mita uku a kan uku sun ishi tabarma biyu da buta.

A zamanin fatake, daga Jugu ayari kan ɗauki hanyar yamma, ya haura duwatsun Kotokoli a cikin Togo ta yau, inda Sokode ke da tata unguwar baƙi da tata rigimar da sarakunan ƙasa. Can za mu sauka a babi na gaba.